Kundin Rumfar Dukanci: Gwajin Aiki da Natsuwa a Birnin Kano

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Daga yau zan riƙa rubuta yadda wani gwaji da na ɗaura wa kaina yake tafiya, domin abin da ba a rubuta ba, zuciya takan gyara shi yadda take so idan an kwana biyu. Gwajin shi ne in rage yawan ayyukan da nake karɓa a rumfata ta dukanci, in tattara hankalina a kan kaɗan daga cikinsu, in yi su da natsuwa da inganci, sannan in ga ko wannan hanya za ta iya riƙe gida. Rumfar tana cikin birni, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga Kasuwar Kurmi, kuma sana'ar gado ce ta wajen mahaifina.

Yadda nake aiki zuwa jiya shi ne duk abin da aka kawo ina karɓa. Wannan ya kawo takalmi a sa masa gam, wancan ya kawo jaka a sauya mata zif, wani yana so a ƙara wa bel ɗinsa huda, ga kuma na'urar POS da na ajiye a gefe tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. A tsakanin waɗannan duka ga waya, wadda ba ta daɗewa ba ta yi ƙara ba. Idan magariba ta yi nakan tashi a gajiye, kuɗi sun shiga hannu sun fita, amma babu wani abu guda da zan ɗaga in ce yau ni na yi wannan. Akwai gafakar da na yanka tun ƙarshen damina, har yanzu tana rataye a bango ba a gama ɗinkinta ba.

Sabon tsarin ba shi da wuyar faɗi. Abu biyu kawai zan riƙa yi, wato gafaka da tadarishinta (bangon fata mai riƙe warƙoƙi) na ajiye Alƙur'ani, da kuma alaben aljihu. Gyare-gyare na bar wa maƙwabcina wanda dama su ne abincinsa, na'urar POS kuma na mayar wa masu ita. Daga fitowar rana zuwa kiran sallar azahar lokacin yanka da ɗinki ne, kuma a wannan tsakani wayata za ta kasance a hannun ɗan yayata da yake koyon aiki a wurina, ba zai kawo mini ita ba sai idan daga gida aka kira. Ciniki da amsa saƙonni da ɗaukar hoton kaya sai bayan la'asar. Kowace naira da ta shiga ko ta fita za ta hau littafi a ranar.

Wasu daga cikin abokaina sun ce ban zaɓi lokaci ba, tunda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun bara komai yake ta hauhawa, kuma mai hankali a irin wannan yanayi ƙofofin samu yake ƙarawa. Na fahimci maganarsu. Sai dai ni abin da nake gani shi ne tsadar kayan aiki ita ce ta sa ɓarna ta zama abin da ba zan iya ɗauka ba, kuma mafi yawan fatar da take lalacewa a hannun baduku, tana lalacewa ne a daidai lokacin da hankalinsa ya rabu biyu.

Asabar, 27 ga Janairu

Abu mafi wuya a waɗannan makonni na farko shi ne hannu ya saba. Ina tsakar aiki sai in ji hannuna ya tafi aljihu da kansa yana neman wayar da ba ta nan, musamman a gaɓar da aiki ya ɗan yi tauri, kamar lokacin rage kaurin bakin fata da wuƙa kafin a naɗe shi. Wannan ya nuna mini cewa ba labarin duniya nake nema a waya ba, hanyar kauce wa wurin da aiki yake bukatar haƙuri nake nema. Yanzu idan na ji hakan, sai in ajiye wuƙa, in wasa ta a dutse, in yi numfashi, in koma.

Hunturu yana busar da fata, idan aka naɗe ta da ƙarfi sai fuskarta ta tsage, saboda haka nakan shafa mata ɗan mai da daddare in lulluɓe ta da tsumma zuwa safiya. Gafakar da ta daɗe a rataye na sauko da ita, na gama ta a cikin makon jiya. Ɗinkin allura biyu na yi mata: a huda da basilla, a zura zare mai kakin zuma ta kowane gefe a cikin huda ɗaya, a ja su daidai wa daida. Irin wannan ɗinki idan zare ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe da wurin, saɓanin na keke da yake warwarewa. Amma duk hudar da ta kauce wa layi za ta zauna a karkace har ƙarshen rayuwar gafakar, domin fata ba ta mayar da huda.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na je majema da kaina a wannan mako. A da aike nake yi, a kawo mini abin da aka samu, saboda ba ni da lokacin barin rumfa. Wannan karon na ware safiya guda, na zauna da majemin da muka daɗe muna hulɗa, na zaɓi fatu ɗaya bayan ɗaya.

Duk wanda yake son ya san darajar haƙuri a sana'a ya kamata ya ga yadda ake jima ta gargajiya. Ana jiƙa fatar, a sa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare gashin da sauran naman da ya maƙale, a wanke ta sosai, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. Sinadarin da yake cikin bagaruwar shi ne yake ratsa fatar ya hana ta ruɓa, kuma ba ya ratsawa da gaggawa, sai an yi ta juyawa ana sauya ruwa. Bayan nan a shafa mai, a busar, a murza ta ta yi laushi, sannan idan ja ake so a rina ta da karan dafi. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna amfani da sinadarai na zamani da suke gama aikin cikin ɗan lokaci, kuma fatarsu tana da nata amfanin, amma ga tadarishi fatar bagaruwa nake so, domin tana riƙe siffa, tana karɓar zane idan an danna mata ƙarfe, kuma launinta yana ƙara zurfi idan hannu ya daɗe yana taɓa ta.

Wajen zaɓe akwai abubuwan da ido mai sauri ba ya gani. Nakan ɗaga fata in kalle ta ta wajen haske domin in ga inda wuƙar mahauci ta shiga da zurfi a lokacin fiɗa. Nakan naɗe kusurwa in ga ko fuskar za ta tsattsage. Nakan kuma ɗan yanki bakinta in duba tsakiya, idan akwai farin layi a ciki, to bagaruwa ba ta gama ratsawa ba, kuma wurin zai yi tauri daga baya. Majemin ya yi murmushi ya ce, "Malam, rabon da wani ya duba mini fata haka tun zamanin mahaifinku." Ya shiga ciki ya fito da wasu da bai ajiye a gaba ba.

Fatar jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, ita ce tun ƙarnoni da suka wuce fatake suke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tana cikin manyan wuraren da wannan ciniki ya ratsa, kuma da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, takalma da jemammun fatu suna cikin kayan da ya lissafa garin yana fitarwa. Abin da ya kai wannan fata nesa haka shi ne kyawunta da kyan aikin da aka yi mata, kuma ina ganin har yau wannan ne kaɗai fagen da ƙaramin baduku zai iya tsayawa a cikinsa, domin a fagen araha ba zai taɓa kamo jakunkunan roba da ake shigowa da su daga ƙasar Sin ba.

Farashi kuwa ya tashi. A wannan wata dala ta haura naira 1,500, kuma da yake fata mai kyau kayan fitarwa waje ce, farashinta yana bin dala ko da a cikin birni aka jeme ta. Zare da gam da maɓallai ma haka.

Litinin, 18 ga Maris

Mun shiga mako na biyu na azumi, wanda aka fara ranar 11 ga wata. Na matso da lokacin aiki gaba, ina buɗe rumfa da zarar gari ya waye, in tashi kafin rana ta take, domin zafin bana ba ya barin mai azumi ya riƙe wuƙa da kyau bayan ƙarfe goma sha ɗaya. Waɗannan sa'o'i na sassafe su ne mafi albarka da na taɓa samu a aiki. Kasuwa ba ta cika ba, babu ƙarar janareta, kuma zuciya ba ta riga ta ɗauki kayan yini ba. A karatun da ake yi mana a masallaci an kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, da yadda sahabin da ya ruwaito shi, Sakhru al-Gamidi, wanda ɗan kasuwa ne, yake aika hajarsa da farkon yini har dukiyarsa ta yalwata. Na daɗe da sanin hadisin, amma bana ne na ga abin da yake nufi a kan teburin aikina.

Ta fuskar kuɗi dai an samu ragi. Abin da ya shigo a Fabrairu bai kai na watannin baya ba da kusan kashi ɗaya cikin uku, domin 'yan kuɗin gyara da na POS da suke ɗigowa kullum sun tsaya, kayan da nake yi kuma ba su riga sun sami masu nemansu ba. Na zauna da maiɗakina na nuna mata littafin shafi bayan shafi, muka rage abin da za a iya ragewa, muka amince cewa idan har bayan babbar Sallah abin bai ɗaga ba zan sake duba tsarin.

Baffana, ƙanen mahaifina, wanda idonsa ya raunana har ya bar ɗinki, yakan zo ya zauna a bakin rumfa da hantsi. Ya karɓi wani tadarishi da na gama, bai kalle shi ba, sai ya bi layin ɗinkin da ɗan yatsa daga farko har ƙarshe. Da ya zo wani wuri kusa da kusurwa sai ya tsaya ya ce, "Ɗana, a nan wani ya yi maka sallama." Na ce, "Haka ne, Baffa." A daidai wurin ne wani baƙo ya tsaya tambayar hanya, na amsa masa ina ci gaba da jan zare, sai jan ya ɗan sassauta. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne natsuwa tana barin sawu a jikin kaya, rashinta ma haka, kuma mai saye ko bai iya faɗin dalili ba, hannunsa yana jin bambancin. Yanzu idan aka yi mini magana, nakan ajiye allura in amsa wa mutum da fuskata gaba ɗaya, sannan in koma aiki. Mutumin ya sami haƙƙinsa, fatar ma ta sami nata.

Asabar, 20 ga Afrilu

An yi ƙaramar Sallah ranar Laraba, 10 ga wata. Goman ƙarshe na azumi sun kawo ciniki fiye da yadda na zata, musamman na gafaka, domin mutane suna saye su yi kyauta ga malamansu da iyayensu. Alƙur'ani rubutun hannu irin namu, na ruwayar Warshu, warƙoƙi ne da ba a ɗinke su ba, saboda haka tadarishi ne yake riƙe su, gafaka kuma ta kare su daga ƙura da laima. Wannan yana nufin kowane ɗaya da awonsa. Nakan nemi mai shi ya kawo mini awon tsawo da faɗi da kauri, ko ya zo da shi a auna a gabansa da alwala, domin idan tadarishi ya yi yawa warƙoƙin za su riƙa zamewa bakinsu ya lanƙwashe, idan ya matse kuma ya ci gefensu.

Littafin lissafi ya fara koya mini abin da ban sani ba game da sana'ar da na tashi a cikinta. Da na haɗa kuɗin fata da zare da kwali da shafi da rabon hayar rumfa, sannan na raba abin da ya rage da sa'o'in da aikin ya ci, sai na ga alabe ya fi gafaka biya nesa ba kusa ba. Gafaka tana cin kwanaki, kuma masu sayenta da yawa almajirai ne da malaman tsangaya waɗanda ba zan iya tsawwala musu ba. Alabe kuwa daga ragowar fatar da aka yanke ake fitar da shi, ana gama shi da wuri, kuma ma'aikata da 'yan kasuwa ne suke saye. Aikin da ya fi cika mini zuciya daban, wanda ya fi cika aljihu daban, kuma ban ga amfanin ɓoye wa kaina hakan ba. Na tsara mako ta yadda alabe zai ɗauki nauyin gafaka: farkon mako na alabe, ƙarshensa na gafaka.

Na kuma daina faɗin farashi mai yawa domin a taya a rage. Ina faɗin kuɗin gaskiya sau ɗaya, in bayyana abin da ya shiga cikin kayan. Wata Hajiya ta ce, "Haba Malam, a Kurmi rabin wannan ake sayarwa." Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya, ga irinsa nan ki gwada," na miƙa mata na roba da na ajiye domin kwatance, ta juya su duka biyun, ta shinshina, ta ce za ta yi shawara. Ba ta dawo ba. Wasu suna dawowa.

Asabar, 22 ga Yuni

An yi layya ranar Lahadi, 16 ga wata, kuma kamar kowace shekara fatu sun cika gari. Abin da yake damuna a wannan lokaci shi ne yawan fatar da take salwanta a cikin yini ɗaya saboda gaggawa. Mai fiɗa yana sauri domin gidaje suna jiransa, sai wuƙa ta yi ta shiga fata tana barin tsaga. Bayan an gama kuma a jefar da ita a rana ko a cusa a leda, alhali a zafi irin namu fatar da ba a sa mata gishiri da wuri ba, kafin a ankara ta fara ruɓa, gashi ya fara zuba, majemi ba shi da abin da zai yi da ita. Dabba guda ce, amma fatar da aka fiɗe a tsanake, ana tura ta da dunƙulen hannu a inda ba a bukatar wuƙa, aka barbaɗa mata gishiri ta gefen nama aka ajiye a inuwa, darajarta daban take da wadda aka yi wa aikin sauri.

Bana na zaga gidajen dangi da maƙwabta tun kafin Sallah na yi musu wannan bayani, na raba gishiri, na tura ɗan yayata ya tattaro. Abin da muka samu mai kyau na kai majema a jeme mini da bagaruwa, kuma ina sa ran zai rage mini sayen fata na wasu watanni. A Samarun Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta binciken fata da koyar da aikinta, kuma ina ganin da irin iliminta zai riƙa isa ga mahauta da masu layya a unguwanni kafin kowace Sallah, da an tsirar da dukiya mai yawa.

Wa'adin da muka ɗiba da maiɗakina ya cika. Kuɗin shiga na Mayu da Yuni sun kusa komawa inda suke a da, saboda haka za a ci gaba.

Asabar, 10 ga Agusta

Zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga wata ta sa an kafa dokar hana fita a Kano, kasuwanni suka kasance a rufe na wasu kwanaki. Na ɗauko kayan ɗinki na yi aiki a zauren gida. Ciniki ya tsaya cak, amma da yake tun Afrilu nake ware wani kaso na kowane ciniki a gefe, ba mu ci bashi ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda aka yi wa ɓarna da alheri.

Damina ta kawo nata aikin. Fumfuna tana kama fatar bagaruwa idan iska ba ta ratsa ta, don haka na ɗaga fatun daga ƙasa na rataye su a sarari, ina goge su duk bayan kwana biyu.

Asabar, 14 ga Satumba

A wannan wata tsarin ya gamu da jarrabawa mafi girma. Wani Alhaji mai shago ya ga alaben da nake yi a hannun wani, ya zo ya ce yana son adadi mai yawa duk wata, amma da sharaɗin a yi cikin da fatar roba, a yi ɗinkin keke, a bar fatar gaske a waje kawai, kuma a sayar da sunan aikin hannu. Kuɗin da ya ambata sun fi abin da nake samu yanzu. Na nemi ya ba ni lokaci, na kwana ina juya maganar, domin mai iyali ba ya raina irin wannan tayi a shekarar da litar man fetur take neman naira dubu.

Da ya dawo na ce masa, "Alhaji, ɗinkin keke ba laifi ba ne, roba ma ba laifi ba ce, matuƙar an faɗa wa mai saye abin da yake saye. Amma ni ba zan iya sa hannu a kayan da cikinsa ya saɓa wa sunansa ba." Na kuma yi lissafin abin da adadin zai jawo: sai na ɗauki yara na riƙa tsaye a kansu, na bar yanka da ɗinki na koma mai sa ido da bin bashi, wato in sake komawa rarrabuwar hankalin da na baro, wannan karon da ƙarin nauyi. Taura biyu ba ta taunuwa. Mun rabu da mutunci, har ya sayi alabe ɗaya na kansa.

Bayan 'yan kwanaki wata makarantar Islamiyya ta nemi gafaka domin ɗalibanta masu sauka. Kuɗin bai kai na Alhaji ba, amma sun ba da rabi tun farko, sun kuma yarda da lokacin da na ɗiba ba tare da matsi ba. Wannan aiki ne ya ba ni damar ɗora ɗan yayata a kan ɗinki na gaske. Na nuna masa yadda ake fitar da murfi daga gadon bayan fata inda ta fi ƙarfi, a bar gefen ciki mai miƙewa domin shafi. Da farko yakan tambaye ni, "Kawu, nawa zan gama yau?" Nakan ce masa ya gama layin da yake kai tukuna. Shi ma yanzu a akwati muke ajiye wayoyinmu tare, sai mun idar da azahar muke buɗewa, lambar maƙwabcinmu kuma na bayar a gida saboda larura.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ƙarshen Oktoba yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layukan da suke kawo ta. Masu walda da teloli masu keken wuta da masu sayar da ƙanƙara sun sha wuya ƙwarai, kuɗin cajin waya da na niƙa suka tashi. Aikina bai tsaya ba, domin wuƙa da basilla da hasken rana ne jarinsa, kuma na kai wa makarantar kayanta a ranar da na yi alkawari.

Akwai wani sauyi da ba ya hawa littafin lissafi, amma ya kamata in rubuta shi. Tun da na daina kwana da waya a gefen matashi nake barci da wuri, nake tashi asuba ba tare da nauyin jiki ba. Ina cin abincin dare tare da yara ina jin abin da suke faɗa har ƙarshe. A salla ma na lura zuciyata ta rage yawo, kuma ina kyautata zaton horon da take samu a kan layin ɗinki da safe yana bin ta har cikin sahu.

Asabar, 28 ga Disamba

Na rufe lissafin shekara a daren jiya. Daga Satumba zuwa yanzu abin da yake shigowa duk wata ya haura na bara a adadi. Sai dai hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a mafi yawan wannan shekara, saboda haka idan aka auna da abin da kuɗin suke saya a kasuwa, kusan inda nake nake, da ɗan ƙari kaɗan. Inda bambanci ya fito fili shi ne ɓarnar fata ta ragu sosai, babu kayan da aka dawo mini da shi saboda aibi, babu bashin kowa a kaina, kuma mafi yawan masu saye na watannin nan wani ne da ya riga ya saya ya turo su.

Akwai abin da bai warware ba. Jerin masu jiran gafaka ya yi tsawo har wasu suna haƙura su tafi, kuma hannu biyu da rabi ba za su iya fin abin da suke yi yanzu ba. Ƙara farashi zai fitar da malaman tsangaya da almajirai, waɗanda dominsu na fi son aikin. Shawarar da nake kai yanzu ita ce in yi gafaka iri biyu, mai ado da zane ga masu hali, da marar ado mai ɗinki iri ɗaya da ƙarfi iri ɗaya ga ɗalibai, in kuma ɗauki yaro na biyu bayan azumi mai zuwa idan ɗan yayata ya iya yanka shi kaɗai. Baffa yana ganin a jira shekara guda kafin a ƙara yaro, kuma za mu sake zama a kan maganar. Ranar Litinin zan je majema in karɓo ragowar fatun layya, in kuma yi magana da majemin a kan rinin baƙi, domin masu neman alabe da dama sun fara tambayarsa.